In Za A Bar Huɗa, A Bar Wa Gona Kara

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Funtuwa ta ratsa Bakori zuwa Malumfashi a farkon damina zai ga abin da ba a saba gani ba shekaru talatin da suka wuce. A da, da zarar ruwan shuka ya sauka, gonaki kan cika da shanun huɗa da 'yan ƙwadago, kowa ya duƙa da garma ko fartanya. Yanzu kuwa a gonaki da yawa mutum guda za a hango, goye da famfon feshi, yana kai da komo tsakanin tsofaffin kunyoyi. Bayan 'yan kwanaki ciyawa ta bushe ƙurmus, sai a bi da iri. Babu kaftu, babu huɗa, wani lokaci ma har noman fari an huta da shi.

Wasu na kiran wannan salo da sunan noman tattalin ƙasa, wato noman da ake rage motsa ƙasa domin kada ruwa da iska su kwashe ta. Sunan yana da daɗin ji, kuma manufar tana da kyau. Sai dai abin da ke yaɗuwa a kudancin Jihar Katsina rabin wannan noma ne kawai. An ɗauki barin huɗa da feshi, an yar da ginshiƙin da ke riƙe da su, wato rufe fuskar gona da kara da ganye. A irin ƙasar Funtuwa da Malumfashi, wannan rabin aiki yana iya barin ragowar maganin ciyawa a inda za ta cuci shukar da ke biye, ko ta gangara cikin ruwan da jama'a ke sha. Ya kamata ɗalibai da malamansu, waɗanda yawancinsu 'ya'yan manoma ne, su san dalili.

Asalin noman tattalin ƙasa

A cikin shekarun 1930, guguwar ƙura ta kwashe ƙasar noma mai ɗimbin yawa a tsakiyar Amurka, bayan an shekara da shekaru ana kifar da ƙasar da garmar inji ana barin ta tsirara. Wannan masifa ita ta sa masana suka fara tambaya ko huɗa ta zama dole. Amsar ba ta samu a aikace ba sai da magungunan kashe ciyawa suka bayyana: atirazin a shekarar 1958, farakwat a 1962, sa'an nan gilaifoset a 1974. Da waɗannan ne manoma a Amurka, da kuma kudancin Barazil tun daga 1972, suka fara shuka ba tare da juya ƙasa ba.

Nijeriya ma tana da hannu a wannan ilimi. A shekarun 1970, masanin ƙasa Rattan Lal ya gudanar da gwaje-gwaje a Cibiyar Binciken Noma ta Ƙasa da Ƙasa da ke Ibadan, inda ya nuna cewa gonar da ba a huɗe ba, amma aka rufe ta da ragowar amfanin gona, ba ta zaizaya kamar wadda aka huɗe aka bari fili. Abin lura a nan shi ne rufin. Ma'aunin da masana suka amince da shi shi ne, ba a kiran noma da sunan na tattalin ƙasa sai in bayan shuka aƙalla kashi 30 cikin ɗari na fuskar gonar yana rufe da kara ko ganye. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa wannan noma a kan duwatsun murhu uku: rage motsa ƙasa, rufe ta a kowane lokaci, da juya shuka daga shekara zuwa shekara. In aka cire dutse ɗaya, kowa ya san abin da zai sami tukunya.

Yadda feshi ya sami gindin zama

Ƙasar Funtuwa ta daɗe da sanin sabon abu a harkar noma. Tun zamanin Turawa ta yi suna wajen auduga, har aka kafa injinan gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi. A shekarar 1975 aka fara Shirin Raya Aikin Gona na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, ɗaya daga cikin irinsa guda uku na farko a ƙasar nan, tare da na Gusau da na Gombe. Shirin ya yaɗa takin zamani da ingantaccen iri, har masara, wadda a da ake shukawa a bayan gida, ta zama amfanin gona na kasuwa. Da masara ta bunƙasa, gonaki suka faɗaɗa, aikin nome ciyawa ya fi ƙarfin iyali.

Abubuwa da dama sun haɗu suka tura manomi ga famfon feshi. Gayya ta ja baya, ladan 'yan ƙwadago ya hau. Bayan shekarar 2000, lokacin da wa'adin mallakar gilaifoset ya ƙare a hannun kamfanin da ya ƙirƙiro shi, masana'antu da yawa, musamman a ƙasar Sin, suka shiga yin sa, farashinsa ya faɗi. Satar shanu da rashin tsaro a ƙananan hukumomi irin su Faskari da Sabuwa da Ɗandume sun raba manoma da yawa da shanun huɗa, sun kuma sa mutum ba ya son ya daɗe a gona mai nisa. Sa'an nan janye tallafin mai a shekarar 2023 ya ƙara tsadar hayar tarakta da sufuri. Manomin da ya zaɓi feshi ba malalaci ba ne, lissafi ya yi. Abin tambaya shi ne ko lissafin ya haɗa da abin da ke saura a cikin ƙasa.

Ina magani yake tafiya bayan an fesa?

Maganin da ya sauka a gona yana da hanyoyi kaɗan da zai bi. Wani ɓangare rana ce ke lalata shi ko ya tashi a iska. Wani tsiro ne ke zuƙe shi. Wani yakan manne a jikin yumɓu da ruɓaɓɓun tsirrai da ke cikin ƙasa. Wani ruwa ne ke tafiya da shi, ko dai ta saman gona zuwa rafi, ko ta ƙarƙashi zuwa ruwan rijiya. Babbar hanyar da ke kawar da shi ɗungurungum kuwa ita ce ta ƙananan halittun da ido ba ya gani, wato bakteriya da dangin funfuna, waɗanda ke farfasa shi su mai da shi abinci.

Masana na auna daɗewar magani da abin da za a iya kira wa'adin rabi, wato yawan kwanakin da rabin maganin ke ɗauka kafin ya lalace. Ga atirazin, adadin da aka fi ambata shi ne kimanin kwana 60. In aka ɗauki wannan a matsayin misali, kilo ɗaya da aka fesa zai koma rabin kilo bayan wata biyu, rubu'in kilo bayan wata huɗu, giram 125 bayan wata shida. Amma wannan adadi ba ya tsayawa wuri ɗaya. Zafi da damshi suna gaggauta aikin ƙananan halittu, bushewa kuwa tana kusan tsayar da shi. A ƙasar Funtuwa ruwa yakan sauka ne daga watan Mayu zuwa Oktoba, kimanin milimita dubu ɗaya a shekara, sauran watannin kuma ƙasa a bushe take. Saboda haka abin da bai lalace ba kafin ɗaukewar ruwa yana iya kwana a gona ya jira bazara.

Abin da huɗa ke yi, da abin da barinta ke yi

Huɗa tana gauraya ƙasa, tana kuma gauraya magani da ita. Ga ɗan lissafi da kowane ɗalibin babbar sakandare zai iya bi. Ƙasar da ke saman hekta ɗaya, zuwa zurfin santimita 15, nauyinta ya kai kimanin tan dubu biyu, wato kilo miliyan biyu. In kilo ɗaya na magani ya gauraya da ita duka, kowane kilo na ƙasa zai ɗauki rabin miligiram. In kuwa ba a huɗe ba, maganin ya tsaya a santimita 3 na sama, to kowane kilo na ƙasar wurin zai ɗauki miligiram biyu da rabi, ninki biyar ke nan. A wannan 'yar fatar ƙasa ta sama kuwa iri ke tsira ya miƙa saiwarsa ta farko.

Wannan kaɗai zai sa a ce huɗa ta fi. Amma a gonar da aka yi noman tattalin ƙasa yadda ya kamata, akwai abubuwan da ke rama wannan illa. Na farko, karan da ke kwance yakan tare wani kaso na maganin, wani lokaci fiye da rabi, ya riƙe shi har rana ta lalata wani abu daga ciki kafin ruwa ya wanke saura zuwa ƙasa. Na biyu, bayan wasu shekaru ruɓaɓɓun tsirrai sukan taru a saman ƙasa, su kuwa suna kama magani kamar yadda soso ke kama ruwa. Na uku, inda ruɓi da damshi suke, nan ƙananan halittu ke yawaita, don haka a ƙarƙashin rufi suna samun damar aiki ko da an yi kwana biyu ba ruwa. Na huɗu, takin zamani irin su yuriya yakan ƙara tsamin saman ƙasar da ba a juyawa, atirazin kuma ya fi saurin lalacewa a ƙasa mai tsami fiye da mai kanwa. Na biyar, rufi yana karya ƙarfin ɗigon ruwan sama yana rage gudunsa, saboda haka ƙasa da maganin da ke manne da ita ba su cika barin gona ba.

Duk da haka wannan noma yana da nasa aibin. A ƙasar da ba a motsawa, ramukan tana da na gara da gurabun tsofaffin saiwoyi sukan zauna a buɗe shekara da shekaru. Amfaninsu shi ne suna shigar da ruwa cikin ƙasa. Illarsu ita ce, in aka yi ruwa mai ƙarfi jim kaɗan bayan feshi, maganin da ke narkewa a ruwa yakan bi ta cikinsu ya zarce ƙasa can, ya tsallake wurin da ƙananan halittu suke. Shi ya sa binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban bai ba da amsa guda ba: a wani wuri barin huɗa ya rage ragowar magani, a wani wuri ya ƙara yawan wanda ke tsiyaya ƙasa. Abin da ke raba gardama shi ne irin ƙasar, da irin maganin, da lokacin da ruwa ya sauka, da kaurin rufin.

Gonar da ba huɗa, ba rufi

A nan ne matsalar kudancin Katsina take. Yawancin ƙasar jigawa a wannan yanki yashi ya fi yawa a samanta, yumɓunta kuma irin wanda ba ya riƙe abu da ƙarfi ne, ruɓaɓɓun tsirrai da ke cikinta kuwa kaɗan ne, sinadarin kabon ɗinsu galibi bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Tun asali ke nan ƙarfinta na kama magani ba shi da yawa. Bayan girbi kuma a kwashe karan dawa a yi darni da makamashi, a ɗaure harawa a kai gida ko kasuwa, dabbobi su bi su kalace saura, abin da ya rage a tara shi a cinna masa wuta lokacin sharar gona. Kafin ruwan farko ya sauka, gona ta koma tsirara.

In aka fesa magani a irin wannan gona ba tare da huɗa ba, an haɗa illar hanyoyin biyu an bar amfaninsu. Babu garmar da za ta gauraya maganin ya yi sauƙi, babu kuma rufin da zai tare shi, babu ruɓin da zai kama shi, ƙananan halittun da za su cinye shi ma ba su da abinci ko inuwa. Bugu da ƙari, ƙasar da ruwa ya daka tsirara takan yi ɓawo a sama, ruwan farkon damina kuwa da ƙarfi yake zuwa, sai ya malale ta kwarin kunya ya tafi da abin da aka fesa. Garin neman ƙiba a samo rama.

Wanda ke fara biyan kuɗin wannan kuskure shi ne wake. Al'adar manoman yankin ce su bi masara ko dawa da wake bayan mako shida zuwa takwas. Masara da dawa suna da hanyar da jikinsu ke karya atirazin, amma wake da waken suya da gyaɗa da auduga da kuɓewa ba su da irin wannan kariya. In aka bi lissafin da ya gabata, a lokacin da ake saka wake kusan rabin maganin yana iya kasancewa a wurin. Waken yakan tsira lafiya, sa'an nan gefen tsofaffin ganyensa ya fara rawaya ya bushe, domin maganin yana toshe hanyar da ganye ke sarrafa hasken rana. Manomi ya ɗora laifin a kan iri ko taki ko ƙarancin ruwa, alhali kuwa abin da ya fesa da hannunsa ne. Haka nan lalo da tafasa da gasaya da sauran ganyayen miya da mata ke tsinka a gona ba tare da an shuka su ba, feshi ba ya bambanta su da harƙiya ko gyazama.

Kowane magani da halinsa

Kuskure ne a ɗauka duk maganin ciyawa ɗaya ne. Farakwat, wanda aka fi sani da sunan Gramoxone, yana manne wa yumɓu nan take da ƙarfin gaske, har ya daina aiki a kan tsiro. Amma mannewa daban, lalacewa daban: yakan zauna a ƙasa shekaru da yawa, kuma ƙasa mai yashi ba ta da wurin ajiye shi kamar mai laka. Ga mai feshi kuwa guba ce da ke lalata huhu, ba ta da makari. Tarayyar Turai ta hana amfani da shi a 2007.

Atirazin ba ya manne wa ƙasa sosai, don haka shi ne ya fi bin ruwa. Saboda yawan samun sa a ruwan ƙarƙashin ƙasa ne Tarayyar Turai ta janye izininsa a 2004. A nan gida, hukumar NAFDAC ta sanar a shekarar 2023 cewa haramcin farakwat zai fara aiki ranar 1 ga Janairun 2024, na atirazin kuma ranar 1 ga Janairun 2025. Wannan mataki abin yabo ne, amma doka ba ta tsare kanta. Sai an bi kasuwannin ƙauye da kan iyakoki, an kuma nuna wa manomi abin da zai maye gurbinsu. Darasin atirazin ma bai ƙare da haramta shi ba, domin akwai wasu magungunan masara da ake fesawa kafin tsiro ko bayansa waɗanda su ma suna iya daɗewa su taɓa wake.

Gilaifoset, wanda ya yi suna da Roundup, shi ne ƙashin bayan barin huɗa a duniya. Yana manne wa ƙasa, ƙananan halittu kuma suna karya shi cikin makonni ko 'yan watanni, sai dai abin da yake rikiɗa ya zama, wanda ake kira AMPA, ya fi shi daɗewa. Wani abin da ya shafi manoman masara kai tsaye shi ne, gilaifoset da sinadarin fosfet na takin zamani wuri ɗaya suke nema a jikin ƙasa, don haka inda fosfet ya taru, gilaifoset yakan rasa wurin kamawa. Game da lafiyar mutane, cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi a 2015 cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna haddasa cutar, yayin da Tarayyar Turai, bayan nata nazarin, ta sabunta izininsa na shekara goma a 2023. Inda masana suka saɓa haka, hankali shi ne a taƙaita. Akwai kuma wani dalili na taƙaitawa: a 1996 aka gano ciyawar da ta daina jin gilaifoset a Ostireliya, daga baya wani dangin alayyafo ya gagari manoman auduga a kudancin Amurka. Ciyawar da ake bi da magani ɗaya kowace shekara, wata rana za ta saba da shi.

Daga gona zuwa randa

Ƙasar Funtuwa tudu ce da koguna ke tasowa daga gare ta. Gulbin Sakkwato kusa da Funtuwa ya samo tushe kafin ya bi ta Gusau ya shiga madatsar Bakolori. Madatsun Mairuwa da Gwaigwaye da na Malumfashi duk daga gonakin da ke kewaye da su suke tara ruwa, fadamun Ɗanja da makamantansu da ake noman tumatir da rake kuma a ƙarƙashin jigawa suke. Abin da ya bar gonar tudu, a can yake sauka.

Domin a gane ƙanƙantar abin da ake magana a kai, ƙa'idar Tarayyar Turai ita ce kada kowane irin maganin feshi ya wuce kashi ɗaya cikin goma na maikirogiram a lita ɗaya ta ruwan sha. Bisa wannan ma'auni, giram ɗaya tak ya isa ya kai lita miliyan goma bakin iyaka. Sai a kwatanta da mai feshin da ke wanke famfonsa a bakin rafi, ko gidan da aka mai da jarkar magani mazubin man gyaɗa.

Hujjar manomi

Manomi zai ce, kara dukiya ne. Da shi ake ciyar da dabbobi a rani, da shi ake girki inda itace ya yi tsada, wanda aka bari a gona kuma ko gara ta cinye, ko shanun makiyaya, ko gobarar mafarauta. Zai ƙara da cewa tsutsar da ke huda karan dawa a cikin busasshen kara take yin rani, kuma kunya tana tsare shuka daga kwanciyar ruwa a watan Agusta. Duk waɗannan gaskiya ne, kuma duk shawarar da ta yi watsi da su a takarda za ta ƙare.

Amma babu wanda ya ce a bar kara duka. Kashi ɗaya cikin uku na fuskar gona ake nema. Ganyen masara da ɓawonta, da ragowar waken suya bayan sussuka, da ciyawar da aka fesa ta bushe, yawancinsu ƙonewa suke yi a banza, kuma da su kaɗai za a yi nisa. Garar da ta ci kara cikin ƙasa take kai shi, ba asara ba ce gaba ɗaya. Karan dawa mai kauri, wanda tsutsa ta fi ɓuya a ciki, shi ne dama ake kwashewa a yi darni. Dabbar da ta ci harawa kuma tana iya biyan bashi da kashinta, in aka mai da takin gona. Ita ma kunya ba dole ne a rushe ta ba. Ana iya shuka a kan tsohuwar a ɗan gyara ta. Asarar da ba ta da mai ramawa ita ce ta wuta, domin tana mai da abincin ƙasa hayaƙi.

Abin da ya kamata a yi

Da farko, manomin da ba zai iya barin rufi ba, gara ya ci gaba da huɗa sama-sama, aƙalla a shekarar da zai shuka wake ko waken suya bayan masarar da aka yi wa feshi. Na biyu, tun kafin a sayi magani a yanke shawarar abin da za a saka a tsakanin masara da abin da za a shuka baɗi, a karanta takardar da ke jikin kwalba, domin a nan ake rubuta tsawon lokacin da za a jira. Na uku, a daina awo da gwangwanin madara bisa abin da maƙwabci ya ce; ƙarin magani ba ya ƙara kashe ciyawar da ta riga ta mutu, ragowa kawai yake ƙarawa. Na huɗu, kada a yi feshi in hadari ya haɗu, kuma a bar zirin ciyawa irin su gamba tsakanin gona da rafi domin ta tace ruwan da ke gangarowa. Na biyar, a riƙa juya shuka da juya magani. Waken suya a bana, masara baɗi, yana ƙara wa ƙasa ƙarfi yana kuma rage ƙuduji.

Hukumomi ma suna da nasu kason. Malaman gona na hukumar KTARDA su ne ya kamata su riƙa koyar da barin huɗa da barin rufi a matsayin darasi ɗaya. Masu sayar da magani a kasuwanni, waɗanda a yau su ne manomi ya fi tambaya, suna buƙatar horo da rajista. Dole kuma a rubuta umarnin kwalba da Hausa, da boko da ajami. Yawancin alƙaluman wa'adin rabi da ke cikin littattafai a ƙasashe masu sanyi aka auno su, don haka Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da jami'o'in Katsina da Dutsin-ma su ne suka dace su riƙa auna ƙasa da ruwan wannan yanki a kai a kai, su bayyana sakamakon da harshen da manomi ke ji.

Aikin da makaranta za ta iya yi

Akwai gwajin da ba ya buƙatar injin awo, kuma kowace ƙungiyar matasan manoma ta makaranta za ta iya yin sa kafin damina. A ɗebo ƙasa daga santimita biyar na saman gonar da aka yi wa feshi bara, a ɗebo makamanciyarta daga wurin da ba a taɓa fesawa ba. A zuba kowacce a tukwane ko gwangwanaye huɗu masu huji a gindi, a yi musu alama. A shuka ƙwayar wake biyar a kowanne, a ajiye su wuri ɗaya, a riƙa ba su ruwa daidai wa daida. Bayan mako uku a ƙirga waɗanda suka tsira, a auna tsawonsu, a duba launin ganye, a tuge a dubi saiwa. In waken gonar feshi ya kasa a dukan tukwanen, akwai alamar ragowa. Domin ƙarin tabbaci, a gauraya garin gawayi a wasu tukwanen na ƙasar feshi, tun da gawayi yana kama magani. In waɗannan suka fi sauran lafiya, hujja ta ƙara ƙarfi. Ba a buƙatar ɗalibi ya taɓa kwalbar magani ko kaɗan. Makarantar da ta maimaita wannan da ƙasar gona mai rufi da ta gona tsirara, ta rubuta sakamakon shekara uku a jere, ta tara ilimin da iyayen yara za su amfana da shi.

Famfon feshi ya riga ya shiga gonakin Funtuwa da Malumfashi, kuma ba zai fita ba, domin ya ɗauke wa talaka wahala mai yawa. Abin da ya rage shi ne a cika masa sharaɗinsa. Ƙasar da aka hana garma, a ba ta kara. Wadda aka kwashe wa kara, kada a ɗora mata magani fiye da abin da za ta iya narkarwa. Yaran da ke aji a yau su ne za su gāji waɗannan gonaki da rijiyoyin da ke gefensu, don haka suna da haƙƙin su tambayi abin da ake zuba musu. Allah Ya ba da damina mai albarka.